Motar da Aka Ce Baba Kabo Ya Ɗaure

Hantsi bai gama ɗagawa ba maza suka jeru a bayan motar Alhaji Ashiru suna turawa. Sun dafa, sun yi bisimilla, sun tura har silifan wani ya tsinke, amma ko motsi ba ta yi ba. Tayoyinta sun kafe a ƙasa kamar dasa su aka yi. Motar lantarki ce, fara, ba ta shan mai. Ashiru ya sayo ta ta Kano bayan da mai ya yi tsada, yana yi mata caji da fanon rana, faifan sola, da ya jera a rufin gidansa na Madarumfa. Tun da ta zo ba ta taɓa yi masa gardama ba sai yau. Ya danna maɓallin tayarwa har yatsansa ya yi ciwo, allon gaban direba ya ƙi ko ƙyaftawa.

Ladi, matarsa, tana tsaye a cikin zaure tana leƙe. Ba motar take kallo ba. Mahaifinta take kallo, Baba Kabo, wanda ke zaune a gindin katanga da sandarsa a kan cinya, ya sa rigarsa ta fita tun asuba. Jiya ya zo daga ƙauyensu na bayan Gabi, domin Ashiru ya yi alkawarin kai shi likitan ido a Maraɗi, don yanar ido ta rufe masa na hagu. Manomin gero ne, kuma yana kan addinin kakanninsa, ba ya salla. Duk unguwar ta san haka. Ita Ladi ta musulunta tun tana ƴar lakwal, wato makarantar boko, a hannun gwaggonta.

"Ku bar wahal da kanku," in ji Hajiya Inde, uwar Ashiru, da ta fito ƙofar gida da carbi a hannu. Ba ta rage murya ba, ɗaga ta ma ta yi. "Turi ba ya tada abin da aka ɗaure. Ni da idona na gani jiya. Ya zagaye ta, ya shafa ta, ya kara bakinshi yana yi mata magana. To ga shi ta ji."

Ba ta ambaci suna ba, kuma ba wanda ya tambaya. Duka suka juya suka dubi tsohon.

Baba Kabo ya karkata kai don ya gan ta da idonsa mai lafiya.

"Hajiya, kunne na kara, ba baki ba. An ce mini ba ta ƙara ko tana tahiya, shi ne na so in ji. Kuma ni za ta kai likita. Sai in ɗaure jakin da zan hau?"

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Wa ya san abin da irinku ke so?" in ji Hajiya. "Dama sai da na ce kar ya kwana a gidan nan."

Ladi ba ta san lokacin da ta fito ba, mayafinta a karkace.

"Inna, ubana ne fa."

"Na sani, ɗiya. Ba da ke nake ba. Ke ai Allah ya fid da ke."

Wannan ta fi ta farkon ciwo. Ladi ta buɗe baki, sai Ashiru ya kamo hannunta ya ja ta cikin zaure. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

"Ki ce mishi ya koma gida tukun," ya ce a hankali. "Kuma ya ɗan dakata da zuwa."

"Ya dakata har yaushe?"

"Har ƙura ta lafa."

"Kai ma ka yarda ke nan."

"Ban ce na yarda ba. Amma jiya lafiya lau na ajiye ta, Ladi. Mi kike so in ce wa Inna?"

"To fita ka faɗa mishi da bakinka. Ni ba zan kori ubana ba."

Ba sai da aka faɗa masa ba. Zauren ba shi da ƙyaure, kuma kunnen Baba Kabo lafiya lau yake. Kafin su fito ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya rataya jakarsa ta fata. Ya yi wa mazan sallama ɗaya bayan ɗaya, wasu suka amsa, wasu suka dubi ƙasa. Ladi ta bi shi har bakin hanya tana roƙonsa ya tsaya ya sha ko fura ce. Ya ce ya ƙoshi. Ya tare kabu-kabu, ya hau bayan babur ɗin da ƙyar, bai waiwayo ba.

Ta koma gida ba ta yi kuka ba, ita kanta abin ya ba ta mamaki. Ta zuba gero a turmi ta yi ta kirɓa har ya fi ƙarfin abin da ake bukata. Tana daka tana tuno buhun waken da tsohon ya ɗauko jiya tun daga ƙauye, wanda Hajiya ta karɓa ta ce Allah ya sa albarka. Waken bai ɗaure kowa ba. An ma jiƙa shi don abincin rana. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san garin nan. Kafin la'asar maganar za ta kai bakin tafki wurin masunta, gobe ta kai kasuwa, daga nan duk wanda akuyarsa ta mutu zai tuna Baba Kabo ya taɓa wucewa ta ƙofarsa.

Bayan azahar Abdoul Aziz ya iso daga Maraɗi a kan babur, da jaka a baya. Ashiru ne ya kira shi ta salula. Ya koyi lantarkin motoci a Yamai, kuma shi ake nema idan motar zamani ta gagari masu garaji. Mazan safe suka dawo suka shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi, wato dogon yaro, can tsallaken hanya, don kallo ne da ba a samu kullum. Lawali, ƙanen Ashiru, mai aikin rufin tol, wato kwano, shi kaɗai ya ƙi zama. Yana ta kai da kawo.

"Ni da an ji tawa, malam za a kira," ya ce. "Wannan ba aikin mai waya ba ne."

Ladi ta fito da kujera ƴar tsugunno ta ajiye dab da ƙofar motar ta zauna.

"Shiga ciki," in ji Ashiru ta tsakanin haƙora.

"A nan aka yi maganar. A nan zan ji ƙarshenta."

"Maza ne a waje."

"Da safe ma maza ne a waje."

Abdoul Aziz ya yi kamar bai ji ba. Ya buɗe kapo, murfin gaban motar, ya sa safar hannu ta roba mai kauri, ya nuna wasu manyan wayoyi masu ruwan goro.

"Alhaji, kafin komai, waɗannan kar wanda ya taɓa. Ko da wasa. Su ke ɗauke da wutar babban batir, ba sa yi wa mutum gargaɗi. An taɓa wani abu a nan tun safe?"

"Turawa kawai muka yi."

"Kun tura ta?" Ya kama baki. "Allah ya ba ku lada. Wannan ko duk Madarumfa ta taru ba ta tashi da turi. In wuta ba ta shiga kanta ba, ƙafafunta a kulle suke."

Daga inuwar bedi Gambo mai kifi ya ɗaga murya: "Ka ji! A banza na rasa silifa!"

Abdoul Aziz ya ciro mita, ƴar na'urar awon wuta mai igiyoyi biyu, ja da baƙa, ya ɗora a kan wani ƙaramin batir a kusurwa, irin na kowace mota.

"Ai babban a cike yake," in ji Ashiru. "Jiya da yamma na cire caji."

"Na yarda. Amma babban ba ya sakin wuta sai ƙaramin ya tashe shi. Ga shi kuwa ƙaramin ya zube, ko goma bai kai ba, alhali sama da sha biyu ake so."

Ladi ta miƙe. "Batir ne ke nan? Malam, faɗa da ƙarfi su ji."

"Ɗan dakata, uwargida. Batirin sabo ne. Sabon batir ba ya zubewa a dare guda sai in wani abu ya tsotse shi."

"Wani abu," Lawali ya maimaita, yana duban mazan. "Kun ji ko? Wani abu."

Ladi ta koma ta zauna. Sai yanzu ta ga abin da ta jawo wa kanta: idan mutumin nan ya tattara kayansa ya ce bai gane ba, to ita da kanta ta tara shaidu a kan ubanta.

Abdoul Aziz ya haɗa wani batir da ya zo da shi. Allon gaban direba ya kama, mazan suka yi kabbara, amma murnar ba ta daɗe ba. Fitilu ja da rawaya suka cika allon, da rubutun Sinanci da ba mai iya karantawa, ya danna maɓalli, shiru. Ya ɗauko wata na'ura mai kama da babbar salula, wadda masu aikin ke kira balis, ya soka igiyarta a wani rami ƙarƙashin sitiyari. Ya jira. Ya cire, ya hura, ya mayar. Ya yi tsaki.

"Mi ta ce?" in ji Ashiru.

"Ba ta ce komai ba, shi ne matsalar. Alhaji, motar nan kamar babban gida ce mai ɗakuna da yawa. Batir da nashi ordinata, wato ƴar kwamfuta, birki da nashi, mashin da ke juya tayoyi da nashi, ƙofofi ma da nasu. Kafin ta tashi sai kowa ya yi sallama kowa ya amsa. In ɗaya ya yi shiru, ba mai sakin wuta. To ni yanzu na yi sallama, ba ɗaya ba, duk gidan ba wanda ya amsa."

"Sun mutu duka?"

"Da wuya su mutu rana guda. Na fi zaton hanyar maganarsu ce ta toshe. Shi ya sa ma batirin ya zube. Wasunsu sun yi ta kira ba a amsa ba, sun ƙi yin barci, suka shanye shi."

Ya buɗe akwatin fizibil, ƙananan abubuwan da ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa, ya bi su ɗaya-ɗaya da mita. Duka lafiya. Wannan ya ɗauki lokaci, har wasu daga cikin mazan suka fara gyangyaɗi. Hajiya Inde ta fito ta tsaya a bakin zaure.

"Har yanzu bai gano ba?" ta ce, ba da kowa ba. "Allah sarki. Yaro ya taso tun daga Maraɗi cikin rana."

Ladi ta ƙi waiwayawa, ta kafa wa mitar ido.

Abdoul Aziz ya cire kan ƙaramin batir, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya soka bakin mita a ramin nan.

"Wayoyi biyu ne siriri, a murɗe da juna kamar igiyar guga," muryarsa ta fito daga ciki. "Su ne hanyar maganar, sun zagaye motar duka. In suna lafiya sittin za su nuna mini tsakaninsu. Yanzu kusan ba komai. Sun haɗe. Bari in gwada da jikin mota... To! Suna taɓa ƙarfen mota ma. Wani wuri an ji musu ciwo."

"Ɓera," in ji Ashiru da sauri, kamar wanda ya samu mafita.

"Mai yiwuwa. Amma ɓera yankewa yake yi, ba ya cika haɗawa."

Ya shiga cire mahaɗan wayoyi. Ya cire na gaba ya auna, ba canji. Ya mayar. Ya cire na gefen fasinja ya auna, ba canji. Da ya zare wani babba a kusa da ƙafar direba, wanda ke kai wayoyi zuwa baya, sai lambar mita ta yi tsalle.

"Yauwa. Daga nan zuwa baya ne, ta gefen nan. Sai na ɗaga tapi, shimfiɗar ƙasan nan."

"Tapi kuma?" in ji Lawali. "Za ka yaga wa mutum sabuwar mota? Yaya, kana kallo?"

"Ba yagawa zan yi ba, ɗagawa."

"Ni ina da aiki a garin Sarkin Yamma," in ji Lawali, amma bai tafi ba.

Abdoul Aziz ya ɓalle robar bakin ƙofa, ya naɗe shimfiɗar ƙasan motar a hankali har ƙarƙashin kujerar direba. Sai hannunsa ya tsaya. Ya dubi Ashiru, ya yafuto shi da yatsa. Ladi ba ta jira a yafuto ta ba, ta sa kai ta gefen kafaɗar mijinta.

Laya ce, sabuwa, ɗinkin jar fata, da kunnen ratayawa a gefe. An sa ƙusa mai murɗi, irin wadda ake kafa tol da ita, ta ratsa kunnen fatar, ta ratsa wata baƙar roba da ke kwance a ƙasa, ta shige ƙarfen motar. Abdoul Aziz ya kwance ƙusar, ya tsaga robar. A ciki damin wayoyi ne, kuma ƙusar ta bi ta tsakiyar biyun nan masu murɗi, ta fasa rigarsu, ta manne su da ƙarfe.

Ya yi bisimilla ya ɗauki layar da hannun dama ya miƙa wa Ashiru.

"Ba ruwan layar, Alhaji," ya ce a hankali. "Da an rataye ta a madubi ba abin da zai faru. Ƙusar ce."

Ashiru ya juya ƙusar a tafin hannunsa. Kanta kore ne, irin na rufin da aka yi masa bara. Ya ɗago ya dubi ƙanensa.

Lawali ya matso, muryarsa can ƙasa. "Inna ce ta ce. Jiya da ta ga tsoho na shafa motar, ta aika aka karɓo layar. Ta ce in sa inda ba mai gani, in kafa ta yadda ba mai cirewa. Wallahi ban san akwai waya a nan ba, roba na gani."

"Ya isa," in ji Ashiru. Ya sa layar da ƙusar a aljihu. "Malam Abdoul Aziz, gyara. Abin da ka gani ya tsaya nan."

Ladi ta dube shi. Bai dube ta ba.

Gyaran bai daɗe kamar neman ba. Abdoul Aziz ya yanke wurin da ya lalace, ya ƙara sabuwar waya, ya yi dalma, ya sake murɗe su yadda suke, ya naɗe. Ya auna, mita ta ba shi sittin ɗinsa. Ya mayar da batir, ya soka balis, sunayen ɗakunan suka jeru a allonta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, ya goge tsofaffin ƙorafe-ƙorafen da motar ta tara. Ya ce Alhaji ya taka birki ya danna. Daga ƙasan motar aka ji wani ƙas, koriyar fitila ta kama, motar ta silala gaba kaɗan.

Mazan suka taso da ihu. Gambo ne a gaba, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Mi ya same ta, Alhaji?"

"Waya ce ta lalace," in ji Ashiru. "An gyara. Alhamdu lillahi."

"Waya," in ji Gambo, yana gyaɗa kai. "Sabuwar mota, waya ta lalace da kanta, ran da tsoho ya kwana. To. Allah ya kyauta."

Sauran suka ce amin, irin amin ɗin da ke nufin sun gane.

Ladi ta jira Ashiru ya ƙara ko kalma ɗaya. Yana goge madubi da hannun riga.

"Ba da kanta ta lalace ba!"

Muryarta ta fita fiye da yadda ta yi niyya, har wani yaro da ke wucewa da akuya ya tsaya.

"Ƙusa aka kafa mata. Tana aljihun mai gidan nan, ku ce ya nuna muku. Ƙusar tol ce, kuma ubana bai taɓa kwana a ƙarƙashin tol ba sai jiya. Laya aka kafa don a tsare mota daga gare shi, ƙusar ta huda waya. Daga cikin gidan nan aka yi. Kun kalli tsoho da ido ɗaya ya hau babur bai karya kumallo ba, ba wanda ya ce uffan. To yanzu ku ce wani abu!"

"Ladi!" in ji Ashiru.

"Na'am? Ƙarya na yi?"

Sai Hajiya Inde ta tako daga bakin zaure, ba ko gezau.

"Ni na sa aka kafa," ta ce. "Ba na ɓoyo. Ɗana na tsare. Kuma da bai zo ya shafa ta ba, mi zai sa in nemi laya? Ko ta ina aka bi, zuwanshi ne ya jawo."

Ladi ta yi wata dariya da ba ta taɓa jin irinta a bakinta ba.

"Inna, ko da yana kabari sai kin ce shi ne."

"Kin ji bakin da aka koya miki a lakwal."

"A gidanshi aka koya mini kar in yi wa mutum ƙazafi."

Yanzu kowa Ashiru yake kallo. Ya tsaya tsakanin uwarsa da matarsa, hannu a aljihu. Ladi ta san ba zai taɓa cewa uwarsa ta yi kuskure a gaban mutane ba, ba ta ma nemi haka ba. Sai ya fito da ƙusar ya ɗaga ta sama.

"Ga ta," ya ce. "Baba Kabo ba shi da hannu a ciki. Ni na yi gaggawa, ni na sa ya tahi. Duk wanda ya ji ta safe, ya kai wannan ma inda ya kai waccan. Gidana a buɗe yake gare shi."

Hajiya ta juya ta shige ciki, carbinta na kaɗawa. Gambo ya ce shi dama bai taɓa yarda ba, wani ya ce ya rufe musu baki.

Da la'asar Ashiru da Ladi suka kama hanyar Gabi a motar, su biyu. Sau ɗaya Ashiru ya ce ba sai ta tona a gaban mutane ba, ta ce ba sai an zage shi a gaban mutane ba.

Sun iske Baba Kabo a ƙofar gidansa a kan buzu, ya tuɓe rigar fita, yana ɓarar wake a cikin ƙwarya. Ashiru ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi, ya faɗi duk abin da ya faru, har da ƙusar, har da wanda ya sa. Bai rage komai ba, Ladi ma ta shaide shi a kan wannan. Ya ce ya zo ne ya ɗauke shi, su kwana a Madarumfa, gobe da sassafe su wuce likita.

Tsohon ya ci gaba da ɓarar wakensa.

"Ashe ƙusa ce," ya ce. "To madalla da ba ta kashe kowa ba."

"Baba, ka yi haƙuri ka taso."

"Haƙuri na yi shi tun a kan babur. Amma zuwa, a'a. Ka ce laya aka karɓo tun jiya. Tun jiya ke nan, ina zaune ina cin tuwon gidanka, ana neman tsari da ni. Motar ba ta ma lalace ba tukun."

"An wanke ka a gaban kowa, Baba," in ji Ladi. "Ni na tsaya. Na yi faɗa da kowa don ka dawo."

"Na ji, ɗiyata. Kin yi. Sunana kika karɓo mini, na gode. Amma ba na sake kwana inda ake tsorona. In kina son ganina kin san hanya."

"Idon fa?"

"Motar kasuwa na zuwa Maraɗi. Ƙanenki zai raka ni."

Ashiru ya yi ta roƙo har rana ta yi ja. Baba Kabo ya sa aka kawo masa ruwa, ya tambaye shi lafiyar lambu, ya ce ya gaida Hajiya. Da Ashiru ya miƙe ya ce wa Ladi su tafi, ba ta tashi ba.

"Ni zan kai shi likita gobe," ta ce. "In an gama zan dawo."

"Mi zan ce wa Inna?"

"Ka ce mata ina gidan ubana."

Ta jawo ƙwaryar gabanta, ta ɗebi wake ta fara ɓara, da ƙarfi, har ƙwayoyin na tsalle suna faɗawa cikin ƙasa.